Tafkin Iyo a Gindin Gawo

Ku gyara zama, ku na baya ku matso cikin inuwa. Zan ba ku labari, in na kai ƙarshe aikin ya koma kanku. Ni kam na daɗe ina juya shi a raina, duk ranar da na ce na gane, kafin in tashi daga tabarma sai kaina ya sake ɗaurewa.

Akwai wani gari da ake kira Tungar Maikaho, garin dangin mahaifiyata ne. Da can a bakin kogi yake, yaro kan iya iyo tun bai iya ɗaura wando ba. Sai aka yi madatsar ruwa can sama, kogin ya janye ya bar musu yashi. Masunta suka koma noman albasa, jirage suka ruɓe a kife. Aka haifi yara suka girma, su ma suka haifi nasu, ba wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa.

Daga baya masu aikin titi suka zo, suka ɗebi marmara a bayan gari, suka tafi suka bar rami kamar an kwashe unguwa guda. Damina na sauka ramin ya cika ya zama kududdufi. Bakinsa yana da santsi, cikinsa ba shi da tudu, taki ɗaya kana iya gwiwa, taki na biyu ruwa ya rufe ka. Kun kuwa san yara da ruwa. Kusan kowace damina sai ya ci wani. Na ga bakinka yana motsi, za ka ce me ya hana a cike ramin. An gwada. Masu shanu suka ce a nan suke shayarwa, masu bulo suka ce a nan suke ɗiba, aka kewaye shi da waya, wayar ta yi ƙafa tun ba a yi sallar Juma'a biyu ba.

To, kogi ya tafi amma sarautar Sarkin Ruwa ba ta tafi ba. Tana hannun wani tsoho mai suna Barmo. Alamar sarautar wani filafili ne, itacen tuƙa jirgi, ya yi baƙi ƙirin saboda hannayen kakanni. A al'adar garin ba mai shiga ruwa da ɗan wani sai Sarkin Ruwa, ko wanda ya tsaya a gabansa da izininsa, don in wani abu ya faru shi ake tambaya. Amma a zamanin Barmo aikin ya koma abu ɗaya, a kira shi da kuka, ya nutsa ya ciro yaron da ruwa ya ci, ya miƙa wa uwarsa. Ta ƙarshe yarinya ce da ta bi akuyarsu. Da ya fito da ita ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, sai a amalanke aka mai da shi gida.

Da ya ɗan farfaɗo ya kira 'ya'yansa uku. Babbansu Shekarau, dillalin albasa ne a kudu, bakinsa ya iya harsuna, aljihunsa ya san mutane. Mai bi masa Kyauta, malamar firamare, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Autansu Anaruwa, mahaƙin rijiya, ba ya magana sai an matsa masa. Tsoho ya ɗora filafilin a cinya ya ce, “Ni na gaji da miƙa wa mata 'ya'yansu a jiƙe. Iyayenmu ba su yi wa kogi katanga ba, koya mana suka yi a inda ruwa yake iya cibiya. Ku samo mini ruwa iya cibiya in koya wa yaran nan kafin in tafi. Wanda ya samo, filafilin nan nasa ne, shi kuma dagaci zai naɗa.”

Shekarau ne ya fara tashi. Ya bi 'yan garin da ke kudu ɗaya bayan ɗaya, daga mai shayi har mai tirela, kowa ya sa abin da ya samu. Abin bai kai ko'ina ba. Bai karaya ba, ya yi ta sintiri har ya faɗa hannun wata gidauniya mai taimakon ƙauyuka, ya ba su labarin yarinya da akuya, ya ba su har shi kansa ya yi hawaye. Suka ce za su gina tafkin iyo na siminti, gefe ɗaya iya cibiyar yaro, gefe ɗaya iya ƙirjin babba, da famfo mai aiki da hasken rana. Amma da sharaɗi biyu. Filin ya zama na gari ne, ba na mutum ɗaya ba. Kuma kada a kashe bishiya mai rai ko guda saboda aikin.

Nan fa ake yin ta. Filin gari ɗaya ne tak, wanda ke gabas da masallaci, shi kuwa cike yake da manyan gawo. Ku da kuka tashi a karkara kun san halin gawo, komai nasa a juye yake. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado, shi zubar da ganye yake yi ya tsaya fari fat kamar busasshe. Sai ruwa ya ɗauke, duniya ta bushe, sannan ya yi kore shar. A inuwarsa garin ke shan iska da bazara, 'ya'yansa awaki ke ci in ciyawa ta ƙare. Mafi girma a cikinsu ana ce mata Uwar Gawo. A gindinta aka naɗa Barmo, a nan aka ɗaura aurensa, a nan kuma ake sallar duk yaron da ya ciro.

Gidauniya ta turo jami'inta ya ga fili, Allah kuma ya kawo shi a tsakiyar damina. Bawan Allah ne mai fara'a, ɗan can ƙasar kurmi inda bishiya ba ta tuɓe ganye sai ta mutu. Ya ɗaga kai ya ga rassa tsirara, ya yi ta girgiza kai yana tausayi, ya ce ashe duk sun mutu, to ai ba matsala, a sare su a yi aiki. Mutanen gari suna tsaye cirko-cirko, kowa ya san gaskiya, har akuyar da ke wucewa ta sani. Amma mutanen Tungar Maikaho suna da wata ɗabi'a da suke taƙama da ita, ba sa gyara wa baƙo magana. In baƙo ya kira dagaci da sunan wanzami, dagaci amsawa yake yi. Aka yi tsit. Wata tsohuwa ce kawai ta yi gunaguni ta ce, “Ai barci suke yi.” Jami'i ya tambayi Shekarau, wanda shi ne tafinta, me iya ta ce. Shekarau ya ce, “Sannu da zuwa take yi maka.” Jami'i ya yi godiya, ya ɗauki hotuna, ya tafi, kuɗin aiki suka iso. Da ya san bishiyoyin suna da rai, da a ranar maganar tafki ta mutu, don babu wani filin.

Daga nan gari ya rikice, rikicewar da ban taɓa ganin irinta ba. Aka yi ta taro a ƙofar dagaci. A ce masu son tafki su ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. A ce masu son gawo su ɗaga hannu, kowa ya sake ɗagawa. Wani dattijo ya yi rantsuwa da safe cewa sai an bi ta kansa kafin a taɓa reshe ɗaya, da la'asar aka gan shi yana cinikin itacen da mai gidan burodi. Uwar yarinyar nan mai akuya ta ce a sare, a sare duka, sannan ta je ta rungumi Uwar Gawo tana kuka don a nan aka sallaci 'yarta. Aka tambayi liman ko shirun da aka yi ƙarya ne, ya ce zai duba. Aka tambayi dagaci, ya ce yana tare da jama'a, aka rasa wace jama'ar. Shi kuwa Barmo ya ce shi ruwa iya cibiya ya roƙa, bai ce a aske garin ba, amma kuma bai ce a bari ba. Ana cikin wannan jan ƙafa damina ta wuce. Ranar da mai injin yanka ya iso ya ɗaga kai, ga matattun bishiyoyi sun yi toho.

A nan Kyauta ta shigo. Ranar da jami'i ya zo tana aji, ba da ita aka yi shirun ba. Ta fito daga makaranta da alli a hannunta, ta jingina bayanta da gawon farko, ta ce wa mai inji ya fara da ita. Shekarau ya zo a fusace ya ce, “Ke Kyauta, bishiya kike zaɓa a kan 'ya'yan mutane?” Ta ce, “Yaya, mutumin nan zai dawo da rani. Zai tarar da kututture yana tsiro, ya tarar da ɗanyen ganye a ƙasa. Su kwashe kayansu su bar mana rami a tsakiyar gari, ka ga kududdufi ya zama biyu.” Ba ta tsaya nan ba, ta ɗauki waya ta kira gidauniya ta gaya musu komai. Kafin mako ya zagayo aka dakatar da aiki.

Kai, ta ga tashin hankali. Mata suka daina amsa sallamarta a gidan suna, aka ce ta kunyata gari a idon baƙo, ta kunyata wanta. Sai ta shiga mota ta tafi ofishinsu da kanta, ta zauna ta yi musu bayanin gawo tiryan-tiryan, ta ce mutanenta ba 'yan damfara ba ne, kunya ce ta yi musu yawa. Suka ce sun ji, amma ina fili? Tana da wani tudu a jikin filin gawon, gadon mahaifiyarta, shi kaɗai ta mallaka a duniya, har ta fara tara bulo don ta gina wa marayunta ɗaki. Ta dawo ta sallama shi ga gari a gaban shaidu. Aka mai da aiki can, ba a taɓa ko reshe ba. Da ba ta tsaya a gaban injin nan ba, da an rasa bishiyoyi an rasa tafki, da kuma ba ta ba da tudunta ba, da babu inda za a kafa diga.

Aka haƙa, aka zuba siminti, aka shafe shi sumul. Sai aka waiga aka ga babu ruwa. Motar haƙa burtsatse ta huda tudun nan ta ko'ina, ba ta fito da komai ba sai garin dutse. Gidauniya ta ce haƙurinta ya kusa ƙarewa, in ruwan sama ya sauka ba a samu ruwa ba za ta kwashe famfo da allunan hasken rana ta kai wani gari. Yara suka mai da busasshen tafkin filin ƙwallo. Barmo ya sa aka kai shi ya leƙa, ya ga siminti yana ƙuna a rana, ya ce a mai da shi gida.

Anaruwa, wanda duk wannan hayaniya bai tofa ko kalma ba, ya ɗauki digarsa da igiya. Tunaninsa ɗaya ne, bishiyar da ke kore a tsakiyar rani dole akwai inda take sha. Mota ba za ta shiga tsakanin gawo ba sai an datse rassa, don haka da hannu ya fara, kusa da Uwar Gawo. Ya yi ta haƙa har wanda ya leƙa ba ya ganinsa sai dai ya ji sautin diga. Hannayensa suka fashe, ƙasa ta taɓa rufto masa aka jawo shi da ƙyar, washegari ya koma. Can ƙasa ya ci karo da saiwa mai kaurin cinyar ƙato, ta gitta rijiyar ta nutsa ta wata kafa, dama dutse, hagu dutse. Ya sa hannu ta gefenta ya ji yashi mai sanyi. Hanyar ruwa ɗaya ce, saiwar kuma ta toshe ta. Ya san ta wace ce. Ya daɗe a zaune a cikin ramin, har masu jan guga suka fara kiran sunansa. Sannan ya ce a zuro masa gatari.

Ruwa ya taso garai-garai, aka ja shi da famfo zuwa tudu, tafki ya cika. Da bai sare saiwar nan ba, da kuɗin Shekarau da filin Kyauta sun tashi a ramin siminti. Bai gaya wa kowa abin da ya yi ba. Uwar Gawo ta fara zubar da ganye, amma da yake damina ta kusa, aka ce lokacinta ne, ta dai yi sauri bana.

Ranar da aka buɗe, aka ɗauko Barmo a kujera aka ajiye shi a bakin ruwa, filafili a hannunsa. Maza da safe, mata bayan azahar. Yana zaune yana tsawa, “Kai, ɗaga haɓarka! Ke, saki wuyan 'yar'uwarki, ruwan iya cibiya ne!” Mutumin da aka manta kalar haƙoransa, ran nan aka ga dariyarsa. A daminar nan kududdufi ya cika har ya tumbatsa, yaro guda daga cikin masu koyon iyo ya zame ya faɗa, ya yi ta bugun ruwa kamar kare har ya kamo gaɓa. Ya sha duka a gida, uwarsa tana dukansa tana kuka tana godiya ga Allah. A shekarar ba a sallaci kowa a gindin Uwar Gawo ba.

Da kaka ta yi, gawo suka yi toho ɗaya bayan ɗaya. Uwar Gawo ba ta yi ba. Aka ce ta makara. Aka jira, aka jira, ɓawonta ya fara ɓamɓarewa. Sai Anaruwa ya je ya durƙusa gaban ubansa ya faɗi abin da ya yi, kafin magariba ba gidan da bai ji ba.

Ana haka jami'in nan ya dawo da rani, don ya duba aiki ya sa hannu a ci gaba da biyan gyaran famfo da maganin ruwa. Ya ga fili kore shar, ya yi ta dariya yana ba da haƙuri a kan kuskurensa na bara. Sai ya hango Uwar Gawo a bushe. Ya ce, “To, ko ba komai na canki ɗaya. Wannan kam tun zuwana na farko a mace take, ko ba haka ba, Malama?” Kyauta yake tambaya, don ita ya yarda da ita a duk garin. Ta san in ta buɗe baki an karya sharaɗi, famfo zai tsaya. Ta dubi bishiyar, ta dubi yaran da ke fantsama a tafki, cikinsu har da nata. Ta sunkuyar da kai ta ce masa ga ruwa can ya sha, rana ta yi zafi.

Bazara na shiga ciwo ya kwantar da Barmo. Ya ce a riƙa shimfiɗa masa tabarma a gindin Uwar Gawo, ko da yake babu inuwa, sai an kafa masa zana. Dagaci ya turo a tambaye shi wa zai ba filafili. Ya ce Shekarau, don shi ya fara ɗaga ƙafa lokacin da kowa ke zaune. Liman ya zo gaisuwa ya tambaye shi, ya ce Kyauta, don ita ta ba da abin da ba ta da kamarsa. Abokinsa na ƙuruciya ya tambaye shi, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon busassun rassa, ya ce Anaruwa, don shi ya kawo ruwan, sannan ya juya fuska ya ce, “Amma ya kashe mini ita.” Kowane da shaidunsa, kuma duk sun rantse tsoho yana cikin hankalinsa. Kafin a haɗa su wuri ɗaya a sake tambayarsa, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki dagaci ya tara su. Shekarau ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na kawo aikin. Kalma ɗaya na juya, ban kashe komai ba, kuma ita mai gaskiyar ai ta yi irin shiruna da ta ga uwar bari.” Kyauta ta ce, “Ranka ya daɗe, ni na hana a yi mana rami na biyu, a kan gadon uwata kuma yaran ke iyo. In an ce ba a taɓa naɗa mace ba, ai ba a taɓa yin kogi da siminti ba.” Aka matsa wa Anaruwa, ya ce, “Baba ruwa ya ce a samo. Na samo. Abin da na sare kuma ni nake kwana da shi, ba su ba.” Dagaci ya dubi jama'a ya ce masu goyon bayan Shekarau su ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Kun dai san sauran.

To ga inda aka tsaya. Filafili yana jingine a jikin busasshiyar Uwar Gawo, mabuɗin tafki yana ɗaure a wuyansa. Ƙofar tafki a kulle take, don ba mai shiga ruwa da ɗan wani sai an yi Sarkin Ruwa, su ukun kuma ba wanda zai tsaya a ƙarƙashin izinin ɗan'uwansa. Akwai ƙananan da bara ba su isa koyo ba, bana sun yi ƙafa, kullum suna leƙen ruwan ta ramin ƙofa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kududdufi kuma yana nan inda yake.

Ɗaya ya juya magana ya kawo kuɗi. Ɗaya ta faɗi gaskiya ta ba da gadonta, ranar da gaskiyar za ta rufe tafki kuma ta haɗiye ta. Ɗaya ya kawo ruwa ya kashe bishiyar da aka yi duk wannan wahala don a tsare. Ni dai na gaya muku kaina ya ɗaure, kuma ba na son irin hannun mutanen Tungar Maikaho, kowa ya ɗaga sau ɗaya. Kafin ruwan farko ya sauka, wa za a miƙa wa filafilin nan?